Ɗan Tela, Baƙar Sarewa da 'Yan Goge

Na san abin da za ku ce tun kafin ku gyara zama, ku 'yan majalisar mai shayi. Za ku ce wane irin kiɗa ne wannan, mutum guda ya miƙe da wata baƙar sarewa mai tarin maɓallai, wasu su zauna a bayansa kowa ya maƙale goge a ƙarƙashin haɓa, ido a kan takarda, fuska ba annuri? Ba ganga, ba kalangu, ba mai waƙa, ba a ambaci sunan kowa ba balle a ji ɗan wane ne jikan wane. Kuma wai a haka suke ɗaukar akwatuna suna bin duniya gari-gari, mutane na sayen tikiti da kuɗinsu don su je su zauna tsit. Alhaji na can gefe yana cewa wurin da ba a yi liƙi ba ai ba a yi kiɗa ba. Hajiya kuwa ta riga ta yanke hukunci: maganin barci ne, ta taɓa ji a wani fim.

To madalla. Ku ƙara sukari a shayin, ku ba ni aron kunne. Sarewar nan sunanta kilarinet, kuma shaida ɗaya zan gabatar, Benny Goodman.

An haife shi a Chicago a 1909, shi ne na tara cikin 'ya'ya 12 na wani tela Bayahude da talauci da tsangwama suka koro daga Warso. Yana ɗan shekara 10 uban ya tasa ƙeyarsa shi da yayyensa biyu zuwa majami'ar unguwarsu, inda ake ba yara aron kayan busa. Aka raba kaya gwargwadon jiki. Babban ya samu tuba, ƙaton ƙahon nan da sai an rungume shi, mai bi masa ya samu turamfet, Benny da yake shi ne ɗan tsurut aka miƙa masa kilarinet. Da ya ɗan fi haka ƙiba da yau ba ma wannan gardamar. Ya yi karatu a hannun wani dattijo, Franz Schoepp, malamin kiɗan gargajiyar Turai wanda ba ya korar ɗalibi don launin fata, ya kuma buɗe kunne ga mabusan jaz baƙar fata da suka taso daga New Orleans, irin su Jimmie Noone da Johnny Dodds. Yana shekara 16 ya riga ya shiga ƙungiyar Ben Pollack yana aika kuɗi gida.

Ku da kuke neman ganga da rawa, ai gidansu kuka zo. A watan Agusta na 1935 ƙungiyar Goodman ta isa zauren rawa na Palomar a Los Angeles bayan doguwar tafiyar da ta kusa karya su, matasa suka bar rawar ma suka yi dafifi gaban dandamali suna ihu. Daga nan aka naɗa shi sarkin kiɗan suwin, wato jaz ɗin rawa. Mai gangarsa Gene Krupa ne, mutumin da in ya fara duka sai gashin kansa ya rufe masa ido. A 1936 Goodman ya hau dandamali da Teddy Wilson mai fiyano da Lionel Hampton, dukansu baƙar fata, a lokacin da a jihohin kudu na Amurka ko famfon shan ruwa ba a haɗawa. Ranar 16 ga Janairu 1938 ya kwashi jaz ɗinsa ya shiga da shi zauren Carnegie na New York, wurin da masu baƙar kwat ke sauraron Beethoven, tikiti kuma ya ƙare tun makonni kafin ranar.

Mutumin da ya kai nan me ya rage masa? Kuɗi akwai, suna akwai, 'yan mata na suma. Amma abin da ya hana shi sukuni shi ne wannan kiɗan da Hajiya ta kira maganin barci.

Akwai wani kiɗa da Mozart ya rubuta a Biyana a 1789 don abokinsa Anton Stadler, na mutum biyar: kilarinet ɗaya, goge biyu, biyola wadda ta ɗan fi goge girma, da celo da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Masu cewa ba mai waƙa, ku sake saurara. Kilarinet ce zabiya, masu gogen nan huɗu 'yan amshinta ne, ta ɗauko baiti su karɓe, wani lokaci ma goge ya ƙwace jagoranci ita ta koma amshi. Kalmomi ne kawai babu. Stadler ɗin ma, Alhaji, irin mutanen da ka sani ne. Ya ci bashin Mozart, sannan a 1791 ya karɓi wani babban kiɗan da aka rubuta masa ya fara da birnin Farag ya shiga yawon Turai na shekaru. Takardun hannun Mozart ba a sake ganinsu ba har yau. Shi ya ce sace masa jakar aka yi, matar Mozart kuwa ta rubuta cewa an gaya mata jinginar da ita ya yi.

Wannan kiɗan na mutum biyar Goodman ya ce zai ɗauka a faifai. Karon farko da wata ƙungiyar 'yan goge huɗu ta Beljiyam ce, Pro Arte. Ya kwana yana busa wa 'yan rawa, gari ya waye ya doshi ɗakin ɗaukar sauti da ƙarfin gwiwarsa na sarki. Bai yi nisa ba ya ji da kunnensa cewa abin ba ya tafiya, ya tattara sarewarsa ya fice. Gaba da gabanta.

Me ya kayar da shi? A jaz, in numfashi ya yi maka gardama sai ka gajarta, in yatsa ya zame sai ka mayar da zamewar ado, ga ganga a baya tana rufa asiri. A wurin Mozart kowane sauti a rubuce yake, da tsawonsa da ƙarfinsa da inda za a sassauta. Ba ganga, saboda haka ba wurin ɓuya. Ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin sarewar, wanda kaɗawarsa ke haifar da sautin, in ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima duk zaure zai ji. Dole kuma muryar sarewar ta narke cikin ta gogen, ba ta hau kansu ba, ga shi mutumin ya saba da yin gasa da tarin ƙahoni. Takardar da kuke yi wa dariya ita ce alƙalin.

Ya koma ya yi shiri. A 1938, shekarar da ya cika Carnegie, ya ɗauki kiɗan da ƙungiyar Budapest, wadda a lokacin babu ɗan Budapest ko ɗaya a cikinta, duk huɗun daga ƙasar Rasha suka fito. Masu sharhi suka ce ya yi taka-tsantsan da yawa, 'yan jaz kuma suka ce me ya kai shi. Kun ga masu taɓe baki ba a kanku aka fara ba.

Yanzu ga amsar Alhaji kan liƙi, kuma ina roƙon ya riƙe hularsa. A wannan harkar makaɗin ne ke yin liƙin. A 1938 Joseph Szigeti, gwanin goge ɗan ƙasar Hangari, ya rubuta wa ɗan ƙasarsu Béla Bartók cewa ya tsara musu kiɗa shi da Goodman, Goodman kuma ya zaro dala 300 daga aljihunsa ya biya. Gajere suka nema, wanda zai shiga fuska biyu na faifan garmaho, minti shida zuwa bakwai. Bartók ya kawo musu abin da a ƙarshe ya kai minti 17, aka sa masa suna Contrasts. A kashinsa na ƙarshe mai goge sai ya zo da goge biyu, domin ɗayan da gangan ake karkata ɗaurin tsirkiyarsa ya yi irin kukan gogen ƙauyukan Hangari, mai kilarinet shi ma sarewa biyu yake musanyawa. A 1940 su uku suka ɗauke shi a faifai, Bartók da kansa a kan fiyano.

Bai daddara ba. A 1947 ya ba marubucin kiɗa Aaron Copland dala 2,000 ya rubuta masa wani kiɗan, na kilarinet da taron 'yan goge, sai fiyano da molon Turawa mai tsirkiya da yawa. Copland ya fara aikin yana Rio de Janeiro, har wani karin waƙar Birazil ya faɗa ciki. Da aka kawo, sarkin suwin ya duba ya ga wasu wuraren sun yi masa tsauri, ya roƙi a sassauto, sannan ya yi ta jan ƙafa har Nuwamba 1950 kafin ya busa shi a rediyon NBC. Hajiya, a nan zan ba ki rabin gaskiya. Kashin farko a hankali yake tafiya, in kin gyangyaɗa ba wanda zai kai ki ƙara. Amma daga nan 'yan gogen za su yi shiru, sarewar ta zauna ita kaɗai tana lalube, tana ƙara sauri, sai jaz ya ɓalle. Da yake babu ganga a wurin, Copland ya sa masu ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye su riƙa fizgar tsirkiya tana marin katako. A ƙarshe sarewar ta ja wata doguwar ƙara daga ƙasa har ƙololuwa. Wanda bai farka a nan ba, a duba shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru a 1949. Yana da shekara 40, duniya ta san shi, ya je ya durƙusa gaban Reginald Kell, wani mabushi ɗan Ingila, ya ce a koya masa daga farko. Ya sauya yadda yake kama bakin sarewar, daga dafawa da haƙori zuwa naɗe leɓɓa biyu, har kantar yatsunsa ya sa aka cire don ya sake koyon taɓa ramukan. A cikinku wa zai yarda a sauya masa ko yadda yake naɗa rawani yana da shekara 40?

Batun yawon duniya kuwa, a ƙarshen 1956 ya sauka Bankok, Sarki Bhumibol na Tailan, wanda shi ma mabushi ne, ya ɗauko tasa suka yi ta yi a fada. A 1962, Amurka da Tarayyar Sobiyet na zare wa juna ido, ya yi mako shida yana zagaya Mosko, Sochi, Tibilisi, Tashkent, Leningrad da Kiyef. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya halarci daren farko, daga baya ya ce shi dai jaz bai shige shi ba. Ku matsa masa a benci, ɗan majalisarku ne. Kada kuma ku ce sarewar ba ta taɓa zuwa kusa da ku ba: a 1960 Louis Armstrong ya zo Najeriya har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello, kuma mai kilarinet ɗinsa a tafiyar Barney Bigard ne.

Ba waliyyi nake tallata muku ba. Makaɗansa sun sha kuka da rowarsa, da wata harara da yake aika wa wanda ya yi kuskure, har suna suka sa mata. Sunayen mutane ma ba ya riƙewa, kowa laƙabi ɗaya yake kiransa da shi. Bill Crow, wanda ya kaɗa masa babban goge a tafiyar Sobiyet, ya dawo ya rubuta dogon labarin baƙin cikin da suka ƙunsa. Mai zaro dubbai ya ba marubucin kiɗa, ga shi yana ƙyashin ƙara wa yaransa albashi. Wannan kam na bar muku, ku ci.

Sai mai cewa kayan Turawa ne, ina ruwanmu. Gaskiya ne a Nuremberg ta Jamus aka ƙago kilarinet wajen 1700, a shagon Johann Christoph Denner. Amma baƙin da kuke gani a jikinta ba daga Jamus ya zo ba. Mafi yawan na ƙwararru da icen wata bishiyar Afirka ake sassaƙa su, wadda ke fitowa a busassun dazuzzuka tun daga Senegal har gabashin nahiyar, Waswahili na ce mata mpingo. Icen ya yi nauyin da nutsewa yake a ruwa, bishiyar kuma takan shekara 70 zuwa 100 kafin ta isa sara. Daga Tanzaniya da Mozambik ake fitar da mafi yawansa. Abin jan gogen kuwa izgar doki ce ana goga mata ƙaro, kuma ban ga wanda zai koya wa Bahaushe wannan ba.

Goodman ya rasu ranar 13 ga Yuni 1986 a New York yana da shekara 77, amma hanyar ba ta mutu ba. Richard Stoltzman na Amurka da Martin Fröst na Suwidin sun zagaya duniya da 'yan goge suna haɗa Mozart da Copland da jaz, Fröst har rawa yake takawa da sarewar a baki. In Allah ya kai ɗayanku irin wannan zauren, ga gargaɗi kyauta: in an yi shiru a tsakiyar kiɗan Mozart ba a gama ba ne, kada ka tafa, kada kuma ka taso da sababbin kuɗi ka nufi goshin mai goge, masu gadi za su raka ka waje. In an juya jaz kuwa, tafa duk inda ya yi maka daɗi.

Faifan da ya yi da Bartók da Szigeti a 1940 yana nan a intanet, na Copland ma haka. Ku saurari ko guda har ƙarshe kafin ku aiko mini da martani. Wanda ya tsallake zuwa tsakiya, ba na karɓar ƙorafinsa.