Wasan Mulki Da Yaƙi A Takarda: Yadda Ake Tsara Shi, Da Yadda Yake Kai Mutum Gaban Mai Unguwa

Wasan mulki da yaƙi a takarda wasa ne na mutane da yawa, inda kowa yake ɗaukar matsayin sarki ko waziri ko sarkin yaƙin wata ƙasa, ya riƙa rubuta umarninsa a ɓoye yana miƙa wa alƙalin wasa. Idan wa'adi ya cika, alƙali ya buɗe takardun gaba ɗaya, ya duba taswira, ya faɗi wanda ya ci gari da wanda aka fatattaka. Ba gudu, ba tsalle, ba gumi. Kayan aikin su ne taswira, da dokoki, da alƙali mai haƙuri, da abokai waɗanda zumuncinsu zai iya jure cin amana sau ɗaya a mako. Na ƙarshen nan sun fi wuyar samu.

Tushen wasan daga barikin soja yake. A 1824 wani hafsan sojan Prussia, a ƙasar da yau ake kira Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa wasan Kriegsspiel, wanda mahaifinsa ya fara ƙirƙira. Ɓangare biyu ne, ja da shuɗi, kuma babban abin da ya zo da shi shi ne alƙali: ɗan wasa ya rubuta umarni, alƙali ya gaya masa iya abin da sojansa suka gani. Dokoki suka yi ta ƙaruwa har hafsoshi suka ƙosa da lissafi, sai a 1876 wani hafsa, Verdy du Vernois, ya kawo shawarar a rage su, a bar alƙali ya yi hukunci da saninsa. Tun daga lokacin masu tsara wasa suke kai-kawo tsakanin dokokin da ba mai karantawa da alƙalin da ba mai yarda da shi.

Wanda ya fi shahara a wannan dangi shi ne Diplomacy, na Allan Calhamer ɗan Amurka, wanda ya buga kwafi 500 da kuɗinsa a 1959. Ƙasashe bakwai ne a taswirar Turai: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Ana farawa a shekarar 1901. Cibiyoyin guzuri 34 ne, wanda ya riga kama 18 ya ci. Babu ƙuri'a, babu sa'a. Runduna duk ƙarfinsu ɗaya, ba mai ture wata sai da goyon bayan wata rundunar, sau da yawa ta maƙwabci. Shi ya sa rabin wasan ƙus-ƙus ne a gefe, kuma dokar ta fito fili cewa alkawari ba dole a cika shi ba. A 1963 John Boardman ya fara gudanar da shi ta gidan waya daga New York, wasa ɗaya ya ɗauki shekaru. Calhamer kansa daga baya aikin raba wasiƙu ya kama.

Akwai kuma darasin David Wesely na Minnesota. A ƙarshen shekarun 1960 ya shirya yaƙin zamanin Napoleon a wani ƙagaggen gari mai suna Braunstein, ya ba waɗanda suka rasa runduna matsayin magajin gari da mai banki da makamantansu. Mutanen suka shagala da makircin cikin gari, yaƙin da aka taru dominsa bai samu ba. Wesely ya ɗauka ya gaza, su kuwa suka ce a sake. Cikin masu wasa da shi har da Dave Arneson, wanda tare da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974.

Tsara sabon wasa irin wannan yana da matakai, kuma ya fi sauƙin fahimta da misali. Misalin da ke hannu shi ne na wata majalisar teburin mai shayi a cikin birnin Kano, inda wani malamin makaranta ya lura cewa ƙasashen Calhamer bakwai ne, Hausa ma Bakwai ce: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Ya faɗi haka da ƙarfi a gaban mutum tara, nan take aka naɗa shi alƙali. Shi ne mai wannan rubutu, kuma ya nemi a yi maganarsa kamar ta wani daban, don har yanzu abin bai gama sakinsa ba.

Matakin farko taswira ce. Ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta samu maƙwabta biyu ko uku da hanyar numfashi, domin ko a Diplomacy an san wanda ya samu Ostiriya yakan riga kowa tafiya gida, saboda tana tsakiyar mayunwata. An ba wani malamin labarin ƙasa aikin zanawa a bayan tsohuwar kalanda. Bazazzagi ne. Da aka buɗe kalandar, Zazzau ta cinye kusan rabin takardar, Kano kuwa ta zama kamar tabon miya a gaban riga. Ya kare kansa da cewa tarihi ne ya zana, shi alƙalami kawai ya riƙe. Da yake Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne, an kwashe dare biyu ana jifan juna da baƙar magana ba wanda ya yi fushi, ba kuma wanda ya taɓa taswirar. Rano ta maƙale a hammatar Kano. Biram, wadda ake dangantawa da Garun Gabas kusa da Haɗeja, ta faɗo daidai inda ƙusa ta huda kalandar.

Mataki na biyu rabon ƙasashe. Mutum biyar suka ce Kano suke so, saboda Kasuwar Kurmi da Muhammadu Rumfa. Aka zuba sunaye a hula aka ja. Bakano haifaffen cikin ganuwa ya ja Katsina, ya ce shi ba zai iya kawo wa gidan ubansa hari ba ko da wasa; mako bai zagayo ba sai ga shi ya fi kowa sanin yaƙe-yaƙen da Katsina ta yi da Kano. Wanda ya ja Biram ya tambaya ko ana iya sayarwa. Mutum ɗaya ya rage ba ƙasa, sai alƙali ya tuna da Wesely, ya naɗa shi madugu, mai ayarin fatake, ba shi da soja sai dukiya. Wannan shi ne kuskuren alƙali na farko. Kafin a rubuta doka ta goma, sarakuna huɗu suna da bashin madugu a takarda, biyu kuma yana bin su kuɗin shayi da burodi na gaske.

Mataki na uku dokoki, kuma a nan ne yawancin wasanni suke mutuwa tun ba a haife su ba. Wasu abubuwan sun zo da sauƙi. Shekara ta kasu biyu, rani da damina, yaƙi da rani, damina kowa ya koma gona. Cibiyoyin guzuri suka zama kasuwanni. Jiragen ruwan Calhamer ba su da wurin zama, duk da mai Biram ya roƙi a ba shi kwale-kwale biyu a Kogin Haɗeja don ya samu abin yi. Rigimar ta taso ne da aka zo kan fifiko. Akwai tsohon zance da ya raba wa jikokin Bayajidda ayyuka: Gobir yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano baba da rini. Mai Gobir ya kafe cewa tunda haka ne, dokinsa ɗaya daidai yake da biyu na kowa, ya kawo sunan Bawa Jan Gwarzo da Alkalawa a matsayin hujja. Mai Zazzau ya ce duk garin da ya kama, ganuwa za ta fito da kanta, albarkacin Sarauniya Amina. Mai Rano, da ya ga rabonsa rini ne, ya nemi a sa doka cewa duk rundunar da ba ta sayi baba a wurinsa ba tsirara take, ba ta fita fage.

Mai Daura ya fi kowa iya zama. Ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya gyara hula ya ce:

"Malam alƙali, ni ba na neman komai. Tambaya ce ɗaya. Duk waɗannan daga ina suka fito?"

"Daga Daura, Alhaji."

"To, wane ɗan kirki ne yake ɗaura wa uwarsa yaƙi?"

Aka rubuta cewa ba a kai wa Daura hari. Ya ƙara da cewa rijiyar Kusugu tasa ce, kuma tunda a labari macijin ranar Juma'a kaɗai yake bari a ɗebi ruwa, dawakin kowa sai ranar Juma'a za su sha, da izininsa. Wannan ma aka rubuta, domin alƙali ya riga ya ci tsiren Alhaji a daren. Masana wasan sun yi ittifaƙi cewa alƙali ba ya cin tsiren kowa. Na wannan majalisa ya ci na mutum shida, kowannensu yana zaton shi kaɗai ya saya.

Dokokin da suka fara a shafi ɗaya suka cika littafi mai falle arba'in, aka ɗauko na biyu. Abin lura a nan shi ne, duk dokar da aka kawo sai an jefa mata ƙuri'a, kuma kafin ƙuri'ar sai ka ga mutum biyu sun tashi wai za su kama ruwa, su daɗe a bayan shago. Gobir da Katsina suka haɗa kai suka kashe dokar ganuwa. Washegari Katsina ta juya ta goyi bayan Zazzau aka rage dokin Gobir. Mai Gobir ya yi kwana uku yana shan shayi a teburin tsallaken titi. Wato ƙawance da cin amana da ƙaura duk sun auku, alhali ko ƙwayar wake ɗaya (da wake ake nuna runduna) ba ta motsa a kan kalanda ba.

Mataki na huɗu shi ne zagayen gwaji. An yanke cewa kowa ya rubuta umarninsa cikin harshen sarauta, ya sa a ambulan, ya kai wa alƙali ranar Laraba. Mai Rano ya cika shafi uku da kirarin kansa, ya manta bai ba da umarni ba. Alƙali ya karɓi ambulan bakwai ya zuba a aljihun kaftani, ya rataye kaftanin, ya kwanta yana jin kansa kamar Reisswitz. Da safe uwargida ta haɗa kayan wanki ta ba yaro ya kai wa mai wanki.

Mai wanki mutum ne mai amana, yana laluben aljihu kafin ya jiƙa kaya, kuma ya yi firamare. Takardar da ta fara zuwa hannunsa ta mai Gobir ce. A ciki an rubuta cewa a haɗa mahaya dubu, a biyo ta ƙasar Katsina cikin dare, a faɗa wa Kano kafin asuba, kada a bar kowa ya fita ta ƙofa. An kuma rubuta cewa Alhaji na Daura ya san da maganar, kuma madugu ne ya ba da kuɗi. A zamanin da ake ciki, ba mai ganin irin wannan takarda ya mayar da ita aljihu. Kafin azahar aka aiko kiran alƙali zauren mai unguwa.

Ya tarar da dattawa huɗu, da mai wanki a tsugune a gefe, da kaftaninsa a shimfiɗe a tsakiya kamar gawa.

"Malam, wannan rigarka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Wane ne Sarkin Gobir ɗin nan?"

"Ranka ya daɗe, mai gyaran waya ne a bakin titi."

"Mahaya dubun fa, ina aka ajiye su?"

"Suna cikin gwangwanin madara, ranka ya daɗe. Wake ne."

Wani dattijo ya yi salati. Ya ɗauka malamin makaranta ya zautu, abin da ya fi masa tayar da hankali fiye da harin. Sai da aka aika aka ɗauko kalanda da gwangwani da littattafan dokoki biyu, aka kuma tattaro sarakunan. Sarkin Gobir ya zo da sukudireba a hannu. Sarkin Katsina, tun daga bakin zaure, ya rantse cewa bai san da zancen biyowa ta ƙasarsa ba, sai aka buɗe ambulan ɗinsa aka ga shi ya ba da hanyar, kuma ya sayar wa Kano labarin a kan kasuwa ɗaya. Haka takardun sirri guda bakwai aka karanta su da ƙarfi a gaban jama'a, kowa ya ji abin da amininsa ya shirya masa. Ban da mai Rano da ya manta da umarni, Alhaji na Daura kaɗai bai ci amanar kowa ba, don dokar da ya sa ta hana shi buƙata.

Mai unguwa ya sallami mai wanki da godiya, ya ja kalandar gabansa, ya sa tabarau. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗora yatsa a kan tabon miyar nan.

"Wannan ce Kanon?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya zana?"

Malamin labarin ƙasa ya ce yana da aji da ƙarfe biyu.

Hukuncin da aka yanke a zauren kashi uku ne. Duk takardar wasa a rubuta mata "wasa ne" a sama da jan biro. Taswira a sake ta. Na uku, tunda Kebbi ta Kanta da birnin Surame ba su cikin lissafi, kuma ɗaya daga cikin dattawan kakarsa Bakabiya ce, wasan ba zai ci gaba da ƙasashe bakwai ba. Wannan ya mayar da aikin matakin farko. A halin da ake ciki ƙasashe sun kai goma, har da Kwararrafa, littafin dokoki na uku ya kai rabi, ana zaman tsarawa a zauren mai unguwa bayan isha'i, kuma shi ne yake riƙe da Kano ba tare da an ja hula ba. Wasan yana ranin shekarar farko. Waken runduna kuwa ƙwari sun huda shi, uwargidan alƙali ta zuba wa kaji.