Injiniyan Reluwe a Teburin Cin Abinci

A Ingila akwai dattawan da suka ajiye aiki suka rungumi ƙananan jiragen ƙasa na wasa, suna yi musu hidima kamar albashi ake biyansu. Wani abokin aiki ne ya kai ni ƙungiyarsu a York, garin da ke da babban gidan tarihin jiragen ƙasa. Yawancinsu layin dogo suke saye a shirye daga kamfanin Peco, su jera, su koma shan shayi. Ni kuwa a unguwar reluwe ta Zariya na tashi, don haka na ɗauka ilimin dogo a jinina yake.

Na sanar da su cewa tashar Zariya zan gina. Dogon da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Idan aka ƙanƙanta shi sau 87 sai ya dawo kusan milimita 12, alhali wanda ya cika shaguna 16.5 ne. Na ce da hannu zan shimfiɗa nawa.

Wani dattijo ya ba ni shawara in fara da mararraba mai sauƙi, layi ɗaya ya rabu biyu. Na yi masa murmushin tausayi. Na zaɓi mafi wuya: layi biyu sun gitta juna, jirgi kuma yana iya miƙewa ko karkata ta kowane ɓangare. Harsunan ƙarfe takwas take da su, kowanne sai an goge shi da magagari har ya yi siriri, sannan a narka dalma a manna doguna a kan 'yan sandunan da suke kwanciya a kai. Na goge wani harshe a gefen da ba shi ba. Na kuma gano cewa ƙarfen narka dalma bai san yatsan ɗan unguwar reluwe ba.

"Maigida, yau ma a ƙasa za mu ci tuwo?" in ji uwargida, ganin aikin ya mamaye teburin cin abinci.

Na ce ta yi haƙuri, tarihi ake kafawa.

'Yan sandunan nan daga allon kayan lantarki ake yanka su, fuskarsu jan ƙarfe. Dogon dama da na hagu wuta daban suke ɗauka, saboda haka dole a tsaga jan ƙarfen a tsakiya. Na ga tsagar za ta ɓata kyan aikin, sai na bar su sumul. Da na kunna wuta, akwatin sarrafawa ya ɗauke, jirgi ko motsi. Na yi wa uwargida dogon jawabi kan lalacewar kayan zamani.

A ƙungiya, dattijon ya bi sandunan da farce, bai ce uffan ba, ya tsattsaga su ɗaya bayan ɗaya. Jirgi ya tashi, na gyara tsayuwa. Da ya isa mararraba, injin ya nufi Kano, taragon farko ya zaɓi Ƙaura Namoda, sauran suka kwanta a tsakani.

Dattijon ne ya ba da shawarar a kai mararrabar ƙarshen fili, a rufe ta da ciyawar roba, a ajiye tsohon tarago a kanta a matsayin layin da aka daina amfani da shi. A baje kolin ƙungiya, maziyarta sun fi tsayawa a wurin. Wata mata har ta tambaye ni yadda na iya lanƙwasa doguna haka da gangan. Na ce mata sai wanda ya tashi a unguwar reluwe.