Masu Gina Tashar Gusau da Kara da Gwangwani

Da an yanke dawa kara ya bushe, zauren gidanmu a Ruwan Bore ya tashi daga wurin shan iska ya koma tashar jirgin ƙasa. Yara ne suka fara da motar kara, wani ya jona gwangwanayen kifi guda shida ya ce taragu ne, daga nan manya suka sa hannu, wai taimako. Yanzu layin dogo ya taso daga bakin ƙofa, wato Tsafe, ya ratsa Gusau a tsakiyar daɓe, ya ƙare a gindin randa, inda aka yarda nan ce Ƙaurar Namoda. Jirgin ba ya ba kowa wahala, ko yaron goye ya ja shi da zare. Inda halin mutum ke fitowa shi ne wajen gina abin da ke gefen layi: masaƙa, gidan gurzar auduga, kamfanin man gyaɗa, da rumbunan ajiya.

Akwai Injiniya, mai fensir a bayan kunne. Ya ji cewa Turawa masu irin wannan wasa suna rage komai sau 87, don haka shi ma bai yarda a kafa ko tsinke ba sai an auna. Ya san faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, ya kuma lissafa abin da hakan zai zama a daɓen zaure, ya samu bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Shekara uku yana zana bututun hayaƙin masaƙa a bayan kwalin sukari. Bututun bai tashi ba har yau, amma idan wani ya kafa nasa, Injiniya ne zai fara zuwa da zare ya ce ya karkace.

Kusa da shi sai Sarkin Tsatsa, wanda ni a wurina duk ya fi su hannu. Shi abin da ya tsana a duniya sabon abu. Za a yanka gwangwanin madara a miƙe shi, a matsa shi da ƙusa layi-layi har ya yi kama da kwanon rufi, yana sheƙi gwanin sha'awa, sai ya karɓe ya jiƙa shi da ruwan gishiri ya kai bayan ɗaki ya kwana uku a raɓa. Bangon laka kuwa ya bi shi da garin gawayi, ba ko'ina ba, sai ƙarƙashin taga da inda indararo ke zuba. Yakan je wurin mai gyaran babur ya roƙo baƙin mai cikin murfin kwalba, ya ɗiga tsakanin ƙarafan layi daidai inda kan jirgi ke tsayawa. Na taɓa ganinsa ya gama rufin rumbu tsaf, sannan ya sa farce ya ɓanɓaro kwano ɗaya ya lanƙwasa, ya ɗora ɗan tsakuwa a kai, kamar yadda ake danne rufin da iskar bazara ta taɓa. Da na ce ya ɓata aikinsa, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Kawu, ka taɓa ganin kamfanin da aka yi wa wanka?" Uwarsa dai ta ce da zai kula da wuyan rigarsa rabin yadda yake kula da dattin masaƙa, da ta huta.

Mai Hayaƙi shi ba ruwansa da bango ko rufi. Kamfanin da ba ya hayaƙi, in ji shi, kango ne. Ya fara da maganin sauro mai naɗi, aka yi ta tari, ya koma satar turaren wutar yayarsa, har masaƙar Gusau ta riƙa ƙamshin ɗakin amarya. Ranar da ya sa garwashi a cikin bututun kwali, kusa da dilolin auduga na gaske da aka ciro daga matashin kai, gobara ta cinye gidan gurza da taragu biyu kafin a kawo buta. Ya tsaya yana kallon tokar ya ce ai ko a kamfanin gaske ana gobara.

Da na ambaci matashin kai, dole in ambaci Ɗan Kwashe, mai kawo kaya. Tsintsiyar gida ta rame saboda turakun waya, silifa ta rasa ƙafa ɗaya saboda ƙafafun tarago. Ba ya gini, ba ya awo, amma shi ne ke shan bulalar kowa.

Sai Baba tsohon lebura, wanda ya yi dako a tashar Gusau yana saurayi. Ba ya taɓa komai da hannu, da sanda yake nuni. Shi ya gaya wa yara cewa layin ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa, ya isa Ƙaura a 1929, kuma auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi ya kwasa, mutum ƙari ne. Ya ga masaƙar Zamfara da aka kafa a shekarun 1960 tana aiki, ya ga ma'aikata na fitowa a kan kekuna da auduga a gashin kai. Matsalarsa ɗaya, ba a taɓa yin daidai a idonsa. "Kai yaro, mi kaka yi? Wanga sikeli ba nan yake ba!" A matsar da sikeli, gobe ya dawo ya ce wa ya matsar da shi. Yakan fara gyara da faɗa, ya zarce da labarin wani magini, ya ɓuge da farashin tiyar gero a zamanin Sardauna, har a kira magariba. Amma in ya kai kan jiniyar tashi daga aiki sai ya yi shiru, yara su ma su yi, don babu wanda ya taɓa jin ta a cikinsu.

Alhajin Birni ɗan'uwanmu ne, yana zuwa hutu. Ya ga muna wahala da kara, ya sayo jirgin roba mai batir a kasuwar Gusau, da tasharsa mai jan rufi da itatuwa masu farin ƙanƙara a kai. Ya nuna mana a waya wani gida a Hambug ta Jamus, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, inda ƙananan jirage ke yawo cikin garuruwa da fitilu. Ya ƙara da mawaƙin Ingila Rod Stewart, wanda ya kwashe fiye da shekara 20 yana gina birnin masana'antu na wasa a saman gidansa. Mun yaba. Sai dai jirgin Alhaji ya fi faɗin layinmu, ya ture rumbun gyaɗa a zagayen farko, batir ya mutu a na huɗu. Itatuwan ƙanƙarar suna nan gindin dutsen Kwatarkwashi, wanda muka yi da fasasshen turmi, suna jiran sanyin da bai taɓa sauka a ƙasar Bunguɗu ba.

Ɗan Siyasa allo yake fara kafawa. Kafin a kwaɓa laka ya rubuta sunan kamfani da nasa a ƙasa, ya tara yara a yanka zare. Ya yi alkawarin kai layin har Sakkwato, inda Bature ma bai kai shi ba, wato sai an fasa bangon zaure. Allunansa tara ne yanzu, a kan fili tara.

Wadda ta ba mu kunya duka ƙanwar Sarkin Tsatsa ce, 'yar shekara takwas, da aka hana ta shiga wai aikin maza ne. Ta leƙo ta ce, "Yaya, su wa ke aiki a ciki?" Aka dubi juna. Washegari ta zo da mutanen laka cikin faifai: mai shayi da tebur, mai fura da ƙwarya ta ɓawon gyaɗa, maigadi yana gyangyaɗi, ɗan dako ya sunkuya da buhu, har da butoci uku a bakin ɗan masallaci. Ta jera su a ƙofar masaƙa. Baba ya daɗe yana kallo, ya ɗaga sanda, muka ce to, ga gyara ya zo. Ya matsar da mai shayin kaɗan zuwa inuwa, bai ce komai ba.

Ni kuma aikina tsaron ƙofa, saboda akuyar maƙwabta ta riga ta cinye tashar Tsafe sau biyu. Wanda duk zai zo kallo ya zo kafin damina, zauren yana yoyo daidai kan Gusau, kuma ya taho da gwangwanin madara ko guda biyu, rufin kamfanin mai bai ƙarasa ba.