Masu Iri, Iri-Iri Ne

A duk kyautar da ake yi tsakanin maƙwabta, babu wadda asirinta ke jinkirin tonuwa irin kyautar iri. In an kawo maka tuwo, kafin ka wanke hannu ka san ko miyar ta ji daddawa. Amma wanda ya damƙa maka ƙwallon mangwaro ya ce na Binta Suga ne, yana da shekara biyar ko shida na zaman lafiya kafin bishiyar ta faɗi gaskiya, kuma kafin nan wataƙila ya tashi daga unguwar. Wannan dogon wa'adi ne ya sa harkar tara irin itatuwan gida, su zogale da gwanda da lalle da rumman da dabino, ta zama fagen da kowa ke sakin halinsa ya wala.

A fara da Hajiya mai rowa, tunda ita ce mai kayan. Duk unguwa an san zogalenta, ganye jibgi, kwanso tsawon kamu guda. Ba ta taɓa cewa ba za ta bayar ba, domin rowa mai tarbiyya ba ta furta a'a. In aka je roƙo da damina sai ta ce, "Ayya ƙanwata, ai bai ƙosa ba, ki dawo in ya bushe." In aka koma da rani sai ta tafa hannu: "Kash! Da jiya kika zo. Iska ta kwashe." Kuma ba dama a ƙaryata ta, don kwanson zogale in ya bushe a sama yakan tsage gida uku, kowace ƙwaya kuma da 'yan fikafikanta uku. Alhali irin yana nan cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, na bara a kan na bara waccan. Abin da Hajiya ba ta sani ba, irin zogale a zafin ƙasarmu in ya wuce shekara ƙarfinsa raguwa yake yi, har ya zo ya mutu murus. Ranar da imani ya motsa mata ta buɗe gwangwanin, gawa take rabawa. Ta karɓi godiya da addu'a, wadda aka ba ta yi ta ban ruwa mako uku ba ko tsiro, sannan in sun haɗu gidan suna Hajiya ta ce, "Ikon Allah! To ko dai ƙasar gidanku ce?" Ana ba da labarin cewa fataken gahawa na Yaman a da sukan soya ko su dafa 'ya'yan kafin su sayar wa baƙi, don kada wani ya shuka a ƙasarsa. Su aƙalla sun sha wahalar hura wuta. Hajiya jira kawai take yi.

Abokin burminta shi ne Malam A-sam-min. Bai taɓa wuce bishiya bai tambayi irinta ba. Ya roƙi na gwaiba a gidan gaisuwa, ya roƙi na rumman a asibiti wurin dubiya. Ɗaki biyu yake haya a gida mai siminti tun daga zaure har bayi, ko tukunyar fure ba shi da ita. Duk abin da aka ba shi aljihun babbar riga yake shiga, inda uwargida za ta tarar da shi ranar wanki ya zama kunu. In ka tambaye shi bayan wata biyu, ba ko kunya zai ce, "Wallahi na shuka, bai fito ba. Ko da saura?"

Akwai kuma mai gaggawa, wanda sau da yawa shi ne mai miƙo hannu ta kan katanga. Shi ba ya iya jiran kwanso ya yi ruwan ƙasa, ya bushe har in an girgiza a ji yana kacau-kacau. Yana kore shar zai fizge, ya ɓare ya tarar da 'ya'ya farare masu taushi, kwana uku sun motse. Ya ci amanar maƙwabci, ya yage riga a jikin ƙusa, bai samu komai ba.

Wurin gyaran iri kuwa, nan ake ganin abin mamaki, don mutane biyu ne suka saka abin a tsakiya. Na farko shi ne wanda bai yarda da wanki ba. Ya sha gwanda mai zaƙi, ya kwashe 'ya'yan da yauƙinsu da komai ya zuba a leda ya ƙulle tam, ya cusa a lokar mota. Bayan mako guda fumfuna ta yi musu rawani. Alhali kowace ƙwayar gwanda tana cikin wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa, kuma jakar nan tana hana ta tsirowa da wuri. Abin da ake yi shi ne a murje su a rariya ko da ɗan yashi har jakar ta fashe, a ɗauraye, a zubar da waɗanda suka taso saman ruwa don yawanci fanko ne, a baza sauran a faifai a inuwa. Aikin da bai kai dahuwar shayi ba.

Na biyun ya fi ban tausayi, domin shi ƙoƙari ne ya kashe shi. Wannan shi ne sarkin tsafta. Ya ji an ce danshi ne abokin gabar iri, sai ya ɗaura yaƙi. Komai ya samu sai ya wanke da sabulu, ya haura ya shanya a kan kwanon ɗaki a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ya manta kowane iri da halinsa. Na lalle da na zogale da na barkono suna son bushewa, amma a inuwa. Ƙwallon mangwaro kuwa bushewa ce ajalinsa: in ba a shuka shi cikin 'yan makonni da shan mangwaron ba, an yi asara. Haka na lemu ba ya son a ƙafe shi ƙarau, haka na darbejiya, wanda duk taurin kan uwarsa a fari, shi ɗan ba ya jure dogon ajiya. Ita kuwa kuka, wadda ya lallaɓa ya naɗe a auduga, wulaƙanci take so. Ɓawon irinta tauri gare shi, sai an goga shi a dutse ko an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ruwa ya ratsa. Wato wanda ke son lallashi ya gasa shi, wanda ke son duka ya lallashe shi. In kuma tsautsayi ya sa ya ji labarin ruwan zafin nan, to an shiga uku, don daga ranar kowane iri sai ya ɗora shi a wuta ya tafasa, kamar mai shirin daddawa da kalwa. Garin neman gira a rasa ido.

Sai Alhaji mai ajwa, wanda na fi so a cikinsu duka, don niyyarsa tsarkakakkiya ce. Ya dawo daga Madina da kwali biyu, ana ta zuwa sannu da zuwa, ana miƙa wa kowa ƙwaya uku da kofin zamzam. Baƙo na kai hannu baki Alhaji zai ce, "Malam, a taimaka kar a yar da ƙwallon." Ya tara su a faranti, ya shuka a jere a bayan gida, ya kewaye da waya saboda awaki, ya soma yi wa jikoki alƙawarin buɗa-baki da ajwar gida. Babu mai ƙarfin halin gaya masa cewa dabino akwai mace akwai namiji, kuma abin da aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza ne, waɗanda ba sa haihuwa. Ba a kuma gane wane ne wane sai sun yi fure, bayan shekara biyar ko fiye. Ko an dace da mace, ba lallai ta gaji uwarta ba, don uban wani ne daban da ba a san shi ba, 'ya'yan na iya fitowa ƙanana ko masu bauri. Shi ya sa manoman dabino na gaske, daga Bilma da Ingal a Nijar har Dutse inda ake da tashar binciken dabino, in suna son ainihin wata uwa sai su cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta su dasa, sannan in ta yi fure a hau a yi mata barbara da hannu. Abin da zan iya yi wa Alhaji ta'aziyya da shi shi ne, ba shi kaɗai ba ne. A 2005 masana suka shuka wani ƙwallon dabino da aka tono a kangon Masada, wanda ya yi kusan shekara 2,000 a ajiye. Ya tsiro, duniya ta ɗauka, aka yi ta jira. Da ya yi fure a 2011, namiji ne.

Wannan jahilci na mace da namiji shi ne jarin mai tallan "gwanda mace zalla" a bakin tasha. Ya ƙulla 'ya'ya goma-goma a leda, yana rantsuwa cewa ya tsince mazan da hannunsa, wai baƙaƙen su ne mata, masu haske su ne maza. Babu idon da ke iya raba su a ƙwaya. Masu lambu sukan zuba uku ko huɗu a rami guda, su jira fure: na namiji yana reto a dogon sili, na mace yana manne a jikin itacen. Sai a sare mazan a bar ɗaya ga mata kamar goma. Shi dai mai tallan ne zai sayar maka da ƙwallon mangwaro ɗan aure, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wajen yawancin mangwaron aure, rarrafen yake yi. Da ƙwallo na gadon uwa, da ba wanda zai ɓata lokacinsa yana ɗaura reshe a kan reshe.

Gwaggo mai ƙulle-ƙulle ba ta da rowa ko kaɗan, hasali ma ita ke bin mutane da kyauta. Matsalar ita ce ƙulli arba'in ne a cikin kwalla, duk a tsumma iri ɗaya, ba wanda aka yi wa alama. Takan kwance ɗaya ta shinshina ta ce, "Wannan ko lalle ne, ko kuma maganin shawarar nan da aka kawo min daga ƙauye. Kai dai shuka, ɗan nan, duk na Allah ne." Ka shuka lalle don bikin ƙanwarka, tafasa ta fito. Ranar da Gwaggo da Hajiya mai rowa suka yi musaya, mataccen zogale ya tafi, abin da ba a san sunansa ba ya dawo, kowa na murna ta ci riba. Banza ta kori wofi.

Ɗan boko ya ga wannan duka ya ce sai an kawo gyara. Ya sayi ambulan, ya rubuta wa kowane suna da Latinanci da kwanan wata, ya jera a firji. In ka kuskura ka tambaye shi dalili, ka zauna ke nan. Zai ba ka labarin rumbun iri na duniya da aka haƙa cikin dutse a Svalbard ta ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008, inda ake ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Zai gaya maka cibiyar IITA ta Ibadan na cikin waɗanda suka kai ajiya can, kuma a 2015 aka fara cire ajiya, bayan yaƙin Siriya ya raba masu bincike da rumbunsu na Halab. Duk gaskiya ne, kuma ƙa'idar da ya riƙe daidai ce: iri busasshe a wuri mai sanyi ya fi daɗewa. Sai dai firjin nasa wuta na zuwa masa ne lokacin da ta ga dama. Ta zo ya daskare, ta tafi ya narke, ambulan ya jiƙe sharkaf, tawadar Latinancin ta zube. Ranar da aka yi baƙi kuma uwargida ta kwashe tarkacen ta sa zoɓo. Duk da haka ina cire masa hula a kan abu guda: shi kaɗai ne a unguwar zai iya gaya maka shekarar da aka ɗebi irin da ya ba ka.

Wanda ya iya abin, Baba mai lambu ne na bakin fadama, kuma ba ya jin ya iya wani abu. Tun bishiya na fure yake ɗaura tsumma a reshen da ya fi kyau don kada yara su taɓa. Ya bari ya bushe a sama, ya ɓare, ya bakace a faifai, ya shanya a inuwar rumfa, ya gauraya da toka ko busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, ya zuba a gora ko kwalba ya toshe. Na bana na shukar bana ne, abin da ya ragu ya rabar. In ka nemi irin rumman ko shuwaka sai ya ce, "Bar wahalar da kanka, yaro," ya yanko maka reshe, don ya san reshe ba ya canza hali. Aibinsa ɗaya: kowace ƙwaya da tarihinta. Wannan daga Maraɗi wani direba ya kawo, wancan gadon mahaifinsa ne, wancan kuma shekarar da aka yi fara. In ka shiga bayan la'asar, da kiran magariba za ka fito.

Su kuwa waɗanda suka fi kowa yaɗa iri a garin nan ba sa roƙo ba sa rowa: jemagu da ke shan 'ya'yan darbejiya su yar da ƙwallon a tsakar gidan wani, da awaki, da yara masu tofar da 'ya'yan gwaiba duk inda suka ga dama. Je ka duba gwandar da ta fi kowace 'ya'ya a layinku. Sau da yawa a bakin kwata take, ba wanda ya shuka ta, kuma mace ce.

Mai son shuka zogale da damina ya nemi iri tun da rani, lokacin da kwanso ke bushe a sama. Ya tafi da takarda da biro, ya tambayi na wace shekara ne, ya kuma riƙe nasa abin musaya a hannu, ko da reshen lalle ne. Kuma don Allah a daina tambayar Alhaji labarin dabinonsa a gaban mutane.