Kowa da Halinsa a Kan Tubkal

Daga Disamba zuwa Maris, baƙon da ka ga ya sauka daga mota a ƙauyen Imlil, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Marrakesh, abu guda ne ya kawo shi. So yake ya taka ƙololuwar Tubkal, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167, a lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi. Hanyar da kusan kowa ke bi guda ce, masaukan da ke can sama ba su da yawa, kuma tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu, 'yar Denmark da 'yar Norway, a Disamban 2018, hukuma ta hana kowa hawa sai da ɗan jagora. Don haka mutanen da a cikin gari ko sallama ba za ta haɗa ku ba, a nan dole ku sa hannu a kwanon tajin ɗaya, ku kwana kafaɗa da kafaɗa, har ka iya gane kowa da warin safarsa.

Tun a Imlil ake fara ganin angon kaya. Komai nasa sabo dal, wani lokaci har da 'yar takardar farashi tana reto a bayan jaka. Agogonsa na faɗa masa tsayin inda yake tsaye da yawan bugun zuciyarsa, amma ba ya faɗa masa wanne ne na dama, wanne ne na hagu, a cikin faratan ƙarfen da ake ɗaura wa takalmi. Kafin ya yi taku ɗari a kan ƙanƙara, faratan sun keta masa ƙafar wandon nan mai tsada. Kishiyarsa shi ne mai kambas da wandon jins, wanda ya ce ai tafiya duk tafiya ce. Shi ba ya daɗewa yana ba da wahala. Ɗan jagora na kallon ƙafarsa zai ja shi shagon haya, ya fito da takalmin da ƙafafu ɗari suka riga shi sawa, yana ta ƙunƙuni a kan dirhamin da ya kashe.

Sai Malam Saura-Nawa, wanda tun ba a wuce gidajen ƙauyen Armud ba ya fara tambaya. A nan kam 'yan jagorar ma suna da nasu laifin, domin amsarsu ɗaya ce: saura minti ashirin. Haka za su ce maka a Sidi Shamharush, farin dutsen nan da mutanen yankin ke ziyarta suna cewa fadar sarkin aljanu ce, alhali akwai sauran hawan kusan mita 900 kafin a ga ƙofar masauki. Minti ashirin na ɗan Imlil ba da agogo ake auna shi ba.

Duk waɗannan yara ne. Babban baƙo, wanda ban taɓa hawa na rasa irinsa ba, shi ne Na-Hau-Kilimanjaro. Kowace ƙabila tana da nata. Na ga Bajamushe, na ga Bafaranshe, amma wanda ya fi zama mini a rai ɗan gida ne, wani dattijo da ya ji ina Hausa a waya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ka yi sa'a. Yau kana tare da wanda ya san dutse." Ban gama tambayarsa iyali ba na san cewa Kilimanjaro mita 5,895 ne, ya ɗara Tubkal da fiye da mita 1,700, wanda a lissafinsa ke nufin wannan tafiyar tamu motsa jini ce kawai.

Irin wannan mutum ba ya buɗe baki sai da "lokacin da muke Kilimanjaro". Ka ce shayin na'ana'ar nan ya yi zaƙi, ya ce ai ba ka sha na can ba. Ka ce yau da sanyi, ya yi dariya har da dukan cinya. Sunan dutsen yana rubuce a hularsa, hoton takardar shaidar da aka ba shi yana fuskar wayarsa, kuma ba ya jira a tambaya. Yana da 'yan kalmomin Suwahili biyu zuwa uku da ya ɗebo daga Tanzaniya, yana ta jefa wa ɗan jagoranmu, mutumin da aka haifa da Tashelhit a baki, ya kuma iya Larabci da Faransanci da Ingilishi. Ɗan jagoran sai murmushi. Dattijon ya tsaya ya koya wa mai alfadari ɗaurin kaya, mutumin da ubansa da kakansa wannan sana'ar suka yi. Ni kuma ya ɗauki nauyin koya mini numfashi, abin da nake yi tun ranar da aka haife ni. "Ta hanci, ƙanena, ta hanci! Ka fitar ta baki." Ni dai "To, Yaya", "Haka ne, Yaya", don ba ni da rarar iskar da zan yi musu da ita.

Abin da bai taɓa ambata ba shi ne, hanyoyin da yawancin mutane ke bi a Kilimanjaro ba sa neman faratan ƙarfe ko gatarin ƙanƙara. Doguwar tafiya ce da ƙarancin iska, ga rundunar 'yan dako biye da kai. Tubkal na hunturu gajere ne, amma santsi gare shi. Da asuba a ƙofar masauki, ɗan jagora ya durƙusa zai ɗaura masa faratan, ya ɗaga masa hannu: "Bari, ɗana, na san aikina." Muna tsaye muna bubbuga ƙafa don kada yatsu su daskare, ya ɓata rubu'in awa, ya miƙe da na dama a hagu, na hagu a dama, igiyoyin suna jan ƙasa. Gatarin kuwa ya saɓa shi a kafaɗa kamar mai zuwa faskare. Ɗan jagoran ya sake durƙusawa, ya ce wai igiyar ce ta kwance, ya gyara komai a cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da ya kunyata shi ba.

A gangaren farko da ke saman masauki muka ji abin da ba mu ji ba tun Imlil, wato shirunsa. Ba ka jin komai sai ƙarar farata a kan ƙanƙara da wani irin numfashi, ta baki shiga, ta baki fita, hancin ma an manta da shi. Da aka tsaya hutu ya zauna daɓas, ya ɗebi dusar a tafin hannu, ya murza, ya sanar da mu cewa wannan ba irin ta Kilimanjaro ba ce, ta can ta fi riƙe ƙafa. Shi ne na ƙarshe da ya iso ƙololuwa, riƙe da hannun rigar ɗan jagora. Ya jingina da dalar ƙarfen da aka kafa a wurin, idanunsa a rufe, har na fara tunanin ko lafiya. Numfashinsa na dawowa ya juya wajen wani saurayi ɗan Sifaniya ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne."

Na kasa yin fushi da shi. A aljihun rigarsa ta ciki akwai kilishi da dabino, ya ajiye su a jikinsa don kada su daskare, kuma babu wanda bai raba wa ba. Na tabbata yanzu haka akwai wani tsauni a duniya da ake cika wa mutane kunne da "lokacin da muke Tubkal".

Dare a masauki yana da nasa mutanen. Wurin yana kan tsayin kusan mita 3,200, ya fi duk wani tudu a Najeriya, tunda Chappal Waddi na Taraba bai kai 2,500 ba, kuma barci a irin wannan tsayin dama da ƙyar yake zuwa. Wanda yake zuwar wa da sauƙi mutum ɗaya ne, mai minshari. Shi ke fara kwanciya, shi ke girgiza gadon mutum goma, shi ne kuma da safe zai ce ko runtsawa bai yi ba. Abokin aikinsa mai leda ne, wanda ya naɗe kowane abu nasa a leda daban, kuma ƙarfe uku na dare ne yake tuna yana neman safa. Idan ya ji an yi tsaki sai ya juyo ya ba ka haƙuri, fitilar goshinsa tsakiyar idonka.

Kafin a fita kuma sai malamai su bayyana, domin ruwan wurin yanka hannu yake. Akwai jarumin alwala, wanda ke tsoma hannu a ruwan yana raka kowace gaɓa da salati mai ƙarfi, yadda na kan gado ma zai san an sha wuya. Akwai kuma mai neman sauƙi. Mu da mutanen Maroko duk Malikawa ne, kuma Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya kamar yadda ake yi a Fas, ya lissafa dusar ƙanƙara cikin abubuwan da ake iya yin taimama da su. Na san wani almajiri da ya wuce wannan babin yana yaro, gumi na zuba, yana mamakin me ya kawo ƙanƙara cikin karatun mutanen da ko a mafarki ba su ganta ba. Rannan ya samu ranarsa. Ya tsaya a ƙofa yana zuba fatawa, yana kawo hujja, har mutum biyu sun fara bin bayansa, sai mai girki ya leƙo ya miƙa masa butar ruwan ɗumi. Ba zan faɗi sunansa ba, yana ɗan rubuce-rubuce a mujallu. Shi ne kuma za ka ji, idan an doshi mita 4,000 inda iskar da ake shaƙa ba ta wuce kamar kashi 60 cikin 100 na ta bakin teku ba, ya dogara da sanda yana cewa, "Kai, ku tsaya ku dubi ikon Allah!" alhali gari bai waye ba, ba a ganin komai sai dunduniyar na gaba.

Mai hoto ba sai na tsawaita ba. Inda hanya ta fi ƙunci nan yake cire safar hannu, ya tsayar da mutum ashirin a cikin iska. Sanyi na cinye masa batir sai ya ari wayarka, kuma kafin ka sauka Imlil ya aiko saƙo uku yana tambayar hotunansa.

Duk waɗannan zan sake tafiya da su gobe. Wanda ba na so in sake haɗa hanya da shi guda ne, Na-Biya-Kuɗina.

Alfadarai suna tsayawa ne inda ƙanƙara ta fara. Daga nan mutane ne ke goya kaya a bayansu su hau. Shi wannan ya san haka, amma ya cusa wa jakarsa kwamfuta da takalmi na biyu da kwalaben da ba zai buɗe ba, ya miƙa wa ɗan dako ba tare da ya dubi fuskarsa ba, balle ya tambayi sunansa. Waɗannan mutanen su ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta rushe wa ƙauyuka, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, kuma da yawa daga cikin mutanen yankin a tanti suka ci hunturun da ya biyo baya. Shi duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi me ya sa miyar ta huce.

Wannan ma da sauƙi. Ranar da iska ta tashi a kan dogon tudun da ke kaiwa ƙololuwa, tana kwasar dusa tana watsa wa mutane a fuska, ɗan jagora ya dubi sama ya ce a juya, sai ya ce bai san zancen ba. Ya biya kuɗinsa, jirginsa gobe ne, kuma idan ba a kai shi ba zai rubuta a intanet cewa ɗan jagoran rago ne. Ya san sarai abin da yake yi, domin ya san abincin mutumin da na 'ya'yansa a irin wannan rubutun yake. Ana rasa rai a gangaren Tubkal da hunturu, kuma idan mutum ya zame, 'yan ƙauyen nan ne za su bar gidajensu su hau nemansa. Wanda na gani bai ma jira amsa ba, ya sa kai gaba shi kaɗai. Dole ɗan jagora ya bi shi, ya bar mu tsugune a bayan wani dutse, yatsunmu sun daina jin komai, har ya jawo shi ya dawo da shi. Ko sannu bai ce wa kowa ba. Duk saukowar mita yake yi a kan an cuce shi.

A Imlil, da aka zo sallamar 'yan dako, ya zaro 'yan sulalla yana ƙirga wa mutumin da ya goya masa kaya a tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana neman ragi saboda bai ga ƙololuwa ba. Kowa ya yi shiru don kunya. Wani dattijo mai hular nan da na sani ne ya ajiye kofin shayinsa, ya taso, ya ciro takardun kuɗi daga aljihunsa ya danƙa wa ɗan dakon, sannan ya juya ya dubi mutumin tun daga sama har ƙasa.

"Kai, yaro," ya ce. "Ko a Kilimanjaro ba a yin haka."