Motar da Take Gaida Mutanen Hagu

Golf ɗina tsohuwa ce, 'yar Kwatano, ta sha hannu kafin ta iso gare ni, don haka ban taɓa sa mata ran yin shiru ba. Amma ƙarar da ta ɓullo da ita a ƙarshen damina ta daban ce. Da na taka birki sai ta saki wani ƙiiii mai shiga har cikin haƙori, sannan ta karkata hagu, ɓangaren masu tahowa. A titin da ya ratsa kasuwar Kafanchan duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya ɗauka gaisuwa na ratso yi masa. Wani ɗan acaba har ya ɗaga hannu ya ce, "Lafiya lau, Oga, ya iyali?"

Sana'ata sayen citta ce. Ina bin ƙauyukan Kwoi da na wajen Kachia, ina ratsa jar laka da ƙananan rafuka, tun ma ba bayan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ba, da sai mutum ya yi nisa kafin ya haɗa buhu. Duk wannan wahalar motar ce take sha, ni kuwa in wanke mata jiki ranar Asabar in ce na biya ta.

Mai faci na fara kai wa kuka. Ya zagaya, ya harbi kowace taya da ƙafa, ya ce iskar hagu ta yi ƙasa. Maganarsa ba ƙarya ba ce, taya mai ƙarancin iska tana jan mota, sai dai wannan ja ne na kullum, nawa kuwa sai an taka birki. Ya ƙara iska, ya karɓi kuɗinsa. Mai alaimen ya ce alaimen ne, dama me zai ce? Wani direba mai jigilar Jos ya rantse zafi ne kawai, in dinga kwara wa tayoyin ruwan sanyi yadda ya ce yana yi in ya gangaro Hawan Kibo. Maƙwabciyata kuma ta ja ni gefe ta ce baki ne, tun ranar da na sauke buhunan citta a ƙofar gida da rana tsaka ta san za a rina.

Bakaniken da na je wa daga baya shi ne ya fara cire taya. Ya kwance ta dama, ya leƙa, ya ce takalmin birki ya cinye. Na ce to a sauya duka gaban. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Oga, lafiyayyen ɓangare za ka kashe wa kuɗi?" Wallahi a ranar na ji ina ƙaunar mutumin nan. Ya sa sababbi a dama kawai, ya jefa tsofaffin cikin but, na tafi ina sa masa albarka. Ƙara ta ɗauke na ɗan lokaci. Karkatar ba ta ɗauke ba, sai ma sitiyari ya ƙara da rawa a hannuna duk lokacin da na rage gudu. Kafin Kirsimeti ƙarar ta dawo, ta taho da wani gurnani a ƙarƙashinta.

Ana haka surukina ya aiko cewa ranar 1 ga Janairu in kai shi Kagoro, bikin Afan, zai ga wani tsohon abokin aikinsa. Baba ya yi ritaya ne daga reluwe. Yana cikin mutanen da har yau suke ganin Kafanchan tashar jirgi ce da gari ya tsiro a gefenta, kuma da gaskiyarsu, tun shekarun 1920 layukan Fatakwal da Kaduna da Jos suka haɗu a nan. Mutum ne marar yawan magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban kuma taɓa cin abinci a gabansa ba. Yanzu ga shi zaune a kujerar gaba, carbi a hannu.

Na ƙudura a raina cewa daga Kafanchan har Kagoro ba zan taka birki ba. Tafiyar ba ta da nisa. Na bi a hankali, ina rage gudu da giya, ina hango akuya tun daga nesa ina yi mata addu'ar shiriya. Kowane tudun rage gudu sai in saki totur tun da sauran tazara, mota ta je ta hau shi da rarrafe. Masu keke biyu suka wuce mu. Baba ya dubi agogonsa, bai ce komai ba. Duwatsun Kagoro suka bayyana a gabanmu cikin hazon hunturu, har na fara yi wa kaina murna.

Sai ga ayarin maharba sun ɓullo daga wata kwana, da kwari da baka, masu busa ƙaho na biye, yara na tsalle a tsakiyar titi. Na taka birki da ƙarfina. Ƙarar da motar nan ta yi ta danne ƙahonin gaba ɗaya, masu busa suka sauke suna waige-waige su ga wace tawaga ce ta iso. Mu kuwa muka tsallaka hagu muka tsaya daf da kaskon wata mai tuyar doya, wadda ta riga ta kai bakin kwata da matsami a hannu.

"Kashe ta," in ji Baba.

Ya fito, ya naɗe hannun riga. Ya kara bayan hannunsa kusa da tayar hagu ta gaba, ya zagaya ya kara a ta dama, ya janye da sauri. Ya karɓi ruwan leda a hannun wata yarinya ya ɗiga kaɗan a kan ƙarfen, ya yi cuuu. Wani ƙauri na tashi. Ya ce a zamaninsu in jirgi ya tsaya da dare, haka masu duba taragu suke bin sa da fitila da guduma, suna ƙwanƙwasa ƙafafun suna taɓa gidan boris, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi shi ne mai laifi. Sannan ya tambaya ko tsofaffin takalman birkin suna nan. Na tono su daga ƙarƙashin buhu. Na waje da kaurinsa, ko rabi bai ci ba. Na ciki kuwa ya siraɗe kamar yankan naman gidan biki, har ƙarfe ya leƙo.

"Wanda ya sauya maka bai ga wannan ba?"

Na ce ya gani, Baba.

"Ya gani, bai tambayi kansa dalili ba. Gyaran gangar Abzinawa ke nan."

Washegari muka kai ta wani gareji a ƙarƙashin mangwaro, Baba ya sa aka kawo masa benci. A nan na fahimci abin. Kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi faifan birki, fistin ɗaya gare ta, ta ciki. In an taka birki fistin ya tura takalmin ciki, ita kuma kalifar ta zame a kan wasu ƙusoshi biyu ta jawo na waje, su matse faifan daga gefe biyu. Kowace ƙusa da 'yar robarta mai hana ruwa shiga. Ta dama robar ta yage, ruwan rafi da jar ƙasar Kwoi sun shige, tsatsa ta kama. Kalifa ta daina zamewa. Takalmin ciki shi kaɗai yake aiki, ba ya kuma saki sosai, yana ta gugar faifai yana ɗaukar zafi. Birkin da ya yi zafi kamunsa raguwa yake, na hagu kuma lafiyarsa ƙalau, to ina mota za ta nufa in ba hagu ba? Rawar sitiyarin ma daga faifan ne, zafi da guga sun sa kaurinsa ya daina zama daidai.

Fitar da ƙusar nan sai da aka yi gumi. Mai garejin ya murɗa, yaronsa ya buga, aka zuba fetur, aka sake murɗawa, ta fito ja wur, busasshiya ƙamas. Aka goge ta da samfefa har ta yi ƙyalli. Yaron ya lakato baƙin giris daga gwangwani, Baba ya ɗaga carbi ya tsayar da shi: irin wannan kumbura roba yake, a nemo na birki. Ya sa aka sauya takalma da faifai hagu da dama, ya ce birki ba a yi masa gyaran ɓangare ɗaya. Da aka buɗe tulun man birki sai ga shi baƙi ƙirin. Man nan yana shan danshi daga iska, sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 155, kuma ranar da ya tafasa a gangaren Hawan Kibo ƙafa za ta nutse har ƙasa ba abin da zai kama. Sai dai aljihuna ya ƙare a faifai, aka ɗaga sauya man zuwa ƙarshen wata, Baba ya kafa sharaɗin ba ni ba hanyar Jos kafin nan.

Aka mayar da tayoyi, aka sauke jak. Yaron ya faɗa ciki da murna zai gwada. Duk wanda ya sa sababbin takalma sai ya mayar da fistin can ciki, don haka dole a tattaka birki sau da yawa tana tsaye har ya yi tauri kafin a motsa. Baba ya buɗe baki ya ce, "Yaro, ka fara..." Motar ta riga ta ja da baya. Muna kallon ƙafarsa tana dukan ƙasa, idanunsa sun fito, Golf ɗina ta tafi salin-alin ba ko ƙiii, ta tsallaka titi a miƙe sak, ba hagu ba dama, ta je ta zauna a kan teburin mai shayi.

Kiret ɗin ƙwai ya tarwatse, gwangwanayen madara suka bi kwata. Mai shayi ya riƙe wuyan yaron, mai garejin ya ce mota ta mai mota ce, ni na ce makulli ba a hannuna yake ba. Baba ya tsallako a natse, ya duƙa ya duba sawun tayoyin a ƙasa, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga bencin da ya faɗi, ya kaɗe shi ya zauna, ya ce wa mai shayi, "Sake shi, surukina zai biya. In akwai ƙwan da ya tsira, soya mini biyu."