'Yan Hayar Intanet

Duk mai shafin intanet na kansa ɗan haya ne, kuma haya biyu yake biya: ta suna, wadda ake sabuntawa shekara-shekara, da ta saba, wato kwamfutar nan da ke kunne dare da rana a wani gari tana riƙe masa kaya. A shekarun da na yi ina gyara wa mutane shafuka a Kano, babu irin ɗan hayar da ban gani ba.

Akwai Malam Ana-Kan-Aiki. Ya yanki suna mai .com.ng, ya buga a kati, ya manna a gilashin mota. In ka shiga, ba ka tarar da komai sai hoton lebura riƙe da shebur da alkawarin "muna nan tafe". Yaron da aka raɗa wa suna ranar da leburan ya kama aiki yanzu yana aji uku.

Akwai Na-Banza, wanda ya rantse ba zai biya ko sisi ba. Shafinsa na wa'azi ne, amma masu masaukin kyauta sun yi masa rawani da tallar maganin ƙiba. Na ba shi labarin GeoCities, unguwar 'yan kyauta da Yahoo ta rushe a 2009, ya ce ai wannan a Amurka ne.

Wanda na fi so shi ne Injiniya. Shi ba ya yarda da kowa, don haka sabarsa tana ƙarƙashin gadonsa: tsohuwar kwamfutar da ya tsinto a titin Beirut, an cire mata murfi, an kafa mata fanka saboda zafin Afrilu. Shafinsa da wutar unguwa tare suke kwana, tare suke tashi. Maƙwabta in suna kasuwa sukan buɗe shi a waya don su san ko an kawo wuta. Ran nan shafin ya ɗauke alhali da wuta. Ya shafe awa biyu yana zargin 'yan kutse, ashe uwargida ce ta zare soket ta jona dutsen guga.

Sai Alhaji Mantau, mai zuma da habbatussauda. Saƙo uku aka aiko masa cewa hayar suna ta kusa ƙarewa, bai buɗe ko ɗaya ba. In za a yi masa adalci, ranar da ya tashi biya katinsa ya ƙi, don lokacin ne bankuna suka taƙaita kashe kuɗin waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, a 2022. Kafin ya samo mai katin dala, wa'adi ya wuce, wani ya saye sunan. Yau duk wanda ya bi adireshin da ke jikin kwalbar zumarsa gidan caca yake faɗawa.

Mai Tawakkali kuwa bai taɓa kwafe kayansa ya ajiye a gefe ba. "Ai suna gajimare," in ji shi. Gajimaren nan gini ne da wayoyi, kuma yana cin wuta: a Maris ɗin 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu ma kwafin ajiyarsu a gini ɗaya yake da asalin. Da na gaya masa, sai ya ce Allah ya kiyaye na gaba, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ni ma ina da nawa layin. Ina cikin masu ƙirga baƙi, waɗanda kafin su wanke ido sun duba mutum nawa suka leƙo. Jiya goma sha ɗaya ne. Bakwai ni ne, uku na'urorin Google ne, na ƙarshen kuma wani bawan Allah ne da ya kwana yana gwada buɗe ƙofata da 123456. Har na ji kamar in tura masa godiya, don shi kaɗai ya daɗe.